Zoɓona na Farko a Gidan Miji

'Yan'uwana mata, ran Jumma'a na haɗa wa surukata zoɓo, karon farko tun da na tare. Na sa citta, kanumfari, masoro da ɓawon abarba. Ya fito ja wur, ƙamshi har zaure. Da na kurɓa, tsami ya fara kama harshe, sa'an nan yaji ya biyo a maƙogwaro. Sai karambanin malama ya sa na jefa 'yar kanwa. Nan take ya yi baƙi, ya koma lami!

Iya ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye moɗa. Gabana ya faɗi. Can ta ce, "'Yar nan, kanumfarinki ya yi daidai. Amma gobe dafo dankali, ruwansa shi ke kwantar da tsami."