Gita da wayar keke

Ni ɗan Dakoro ne. Wata rana yayana ya nuna mini fim cikin salularsa. A Agadas aka yi shi, ya fito a 2015. Babban ɗan wasan, Mdou Moctar, yana kaɗa gita da hannun hagu.

Na ce: "Yaya, wasa ne kawai, bai iya ba!"

Ya yi dariya. Ya ce makaɗi ne na gaske, har Amurka yake zuwa kiɗa. Gitarsa ta farko, shi ya ƙera ta da katako da wayar birkin keke.

Da dare na kwance wayar keken Baba. Da safe Baba ya tafi kasuwa a ƙasa. Na sha faɗa, na mai da waya, na roƙi gafara. Yanzu ina tara kuɗin sayen tawa.