Fiyus ba maƙiyinka ba ne

Na haura shekara arba'in ina cin abinci da wutar lantarki. Yanzu ido ya yi rauni, hawa tsani ya gagara, sai zaman bakin shago. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin in miƙa masa filaya ko testa, takarda da biro nake fara ba shi. Wasu sukan ɗauka rigimar tsufa ce. To, ga mafarin abin.

Ina da wata takwas a hannun maigidana a Kaduna, 'yan shekaru bayan kafa NEPA a 1972, wani tela ya aiko a duba masa wuta. Ana jajiberin Sallah, ɗinki ya yi masa yawa. Maigida ba ya nan, ni kuwa ina ji da kaina, na saɓi jaka na tafi. Na tarar fiyus ɗin filoginsa ne ke ƙonewa, har ya canza sau uku a yini guda. Na ce ai wannan ba komai ba ne. Na yanko guntuwar waya, na feɗe ta, na murɗe silin jan ƙarfen, na cusa a gurbin fiyus. Wuta ta kawo, tela ya yi ta sa mini albarka, har da tukuici.

Bayan sallar isha'i sai ga ɗan aike a guje. Robar wayar da aka ja daga soket ta narke, wuta ta lashi gefen tebur, ta ci shaddar mutane turmi biyu. Allah ya taƙaita, wani yaron shagon ya ji ƙauri da wuri.

Na saddaƙar zan sha bulala, amma maigida bai ko ɗaga murya ba. Ya yago takardar buhun siminti ya ce, "Zauna, yaro. Me da me aka jona?" Na ce dutsen guga biyu da hitar dafa ruwa. "Wat nawa kowanne yake ci?" Na yi tsuru-tsuru, don ban duba ba. Ya ce kowane dutse wat 1,000 ne, hita 2,000, jimilla 4,000. "Raba da 230, ƙarfin wutar da ke shigowa gidajenmu." Na raba, ya ba ni 17 da 'yan kai. "Fiyus ɗin fa, na amfiya nawa ne?" Na ce 13. Ya dube ni ya ce, "Ka ga ba lalacewa ya yi ba. Sau uku yana gaya muku kaya sun yi yawa, kai kuma ka je ka toshe masa baki."

A daren nan ya warware mini abin da misalin ban-ruwa a fadama. Folt shi ne ƙarfin da inji ke tura ruwa da shi. Amfiya ita ce yawan ruwan da ke bi ta tiyo. Om kuwa turjiya ce, wato matsin tiyon da ke hana ruwa wucewa yadda yake so. In ka raba folt da amfiya, ka sami om. In ka ninka folt da amfiya, ka sami wat, wato ƙarfin da kayan ke ci. Ɗauki hitar telan nan: 2,000 a raba da 230, amfiya 8.7 ke nan. 230 a raba da 8.7, turjiyarta wajen om 26. Duk wanda ya riƙe biyu daga cikin huɗun nan, sauran biyun na hannunsa.

Sai kuma ya ƙara mini abin da ya fi tsorata ni. Zafin da waya ke ɗauka ba daidai da wutar da ke bin ta yake hawa ba. In wutar ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Wayar da ke ɗaukar hita kaɗai lafiya lau, da aka ɗora mata duwatsun guga sai ta koma garwashi. Haka nan haɗin da ba a ɗaure da kyau ba: turjiya ce ke taruwa a wuri guda, tana ɗumi a ɓoye cikin silin, masu gida na barci.

Daga baya, a ajin dare, na ji labarin mai wannan lissafi, Georg Ohm, wani Bajamushe malamin makaranta a birnin Kolon. Ya buga littafinsa a 1827, manyan masanan ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi. Sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambar girmamawa. Na ce ashe shi ma an taɓa toshe masa baki.

Yau zamanin sola ne, amma kuskuren bai sake ba. Yaro zai haɗa inbata da batir mai folt 12 da siririyar wayar soket, yana cewa ai wutar batir ba ta kisa. Bai lissafa cewa wat 1,000 a folt 12 ya haura amfiya 83 ba, alhali a wutar gida bai kai 5 ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Da girma ya zo, na lura kowane mutum Allah ya ba shi fiyus ɗinsa. Wani matarsa ce, mai ce masa bashin nan ya isa. Wani amini ne, mai gaya masa abin da ba ya son ji. Wani kuma jikinsa ne, da ke fara yi masa ciwon kai kafin hawan jini ya kayar da shi. Mukan ji haushinsu don suna katse mana hanzari, mu nemi mai ce mana komai lafiya. Na ga attajirai da masu mulki da suka yi haka, na kuma ga hayaƙin da ya biyo baya.

Wata huɗu na yi ina biyan kuɗin shaddar nan daga ɗan abin da maigida ke ba ni. Ƙonannen filogin kuwa har yau yana cikin durowata. Shi nake ɗora wa sabon yaro a kan takardarsa, in ce, "Ɗana, fara gaya mini amfiya nawa ta bi ta nan, sannan mu yi maganar filaya."