Ranar da na Durƙusa a Ɗakin Girki

Shekara goma sha uku na yi ina gina gidana. Na sayi filin ne a 2009, a can bayan garin Kano, lokacin da babu komai a wurin sai gonaki da itatuwan ɗorawa, aka yi ta ɗora bulo a kan bulo gwargwadon abin da albashi da adashi suka bari, har Allah ya nufa muka tare a watan Maris na 2022, ana saura 'yan makonni a ɗauki azumi. 'Yan'uwa da abokan arziki suka yi ta zuwa barka, kowa da abin da ya burge shi. Maza sukan yaba silin da fenti, mata kuwa ɗakin girki suke wucewa, su shafa tayil, su murɗa famfo, su tsaya kallon kwamin wanke-wanke mai baki biyu da ke ƙyalli a kan kabad. Ni ma ban ɓoye jin daɗina ba, domin babu wani lungu na gidan da ban tsaya a kansa ba sa'ad da ake aikinsa. Haka dai nake zato.

Azumi ya kama a farkon Afrilu, zafi ya kai inda ya kai. Ana cikin kwana na shida ko na bakwai uwargida ta ce da ni, "Malam, akwai wani wari a kicin ɗin nan, kuma ba na abinci ba ne." Na ce ƙila yara ne suka bar shara. Aka fitar da shara, aka wanke ƙasa, aka yi turare, wari yana nan, wani irin ɗoyi mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda kan ƙaru da tsakar rana. Bayan kwana biyu ta ƙara da cewa kyankyasai sun fara yawo da dare, a gidan da bai yi wata biyu da tarewa ba. A ranar ce, bayan sallar la'asar, na ɗauki tocila, na buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin kwamin, na durƙusa.

Abin da na gani ya fi kama da bayan shagon 'yan gwangwan. Bututu kala uku ne aka harhaɗa, fari da toka da wani guntu mai ruwan ƙasa, kowanne da kaurinsa. Inda bakin wani ya ƙi shiga na wani, an gasa shi a wuta har ya buɗe, ga baƙin hayaƙi nan a jikinsa. Gam ya zubo ya daskare a kowace mahaɗa kamar narkakken kyandir. An naɗe wata mahaɗar da robar tiyub ta babur, an ɗaure tamau, daga nan ne ruwa ke ɗiga a hankali, har katakon ƙasan kabad ya kumbura ya fara ɓarewa. Bututun da ya haɗa baki biyun ya yi ciki a tsakiya, aka tokare shi da rabin bulo. A bango kuma an fasa rami wanda kan yaro zai shiga, aka zura bututu guda, aka cusa takardar buhun siminti a sauran. Makullin ruwa yana can a maƙale a baya, inda hannu ba ya kaiwa sai mutum ya kwanta rigingine. Har kwalin sigari da ledar ruwa na tarar, an bar mini su gado.

Na daɗe a durƙushe. Ba asarar katakon ce ta fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannun da ya yi wannan ɓarna shi ne ya daidaita kan famfon da ke sama, ya goge shi, ya zagaye gefen kwamin da farin gam a layi ɗaya santal, babu ko ɗigo. Ashe mutumin ya iya aiki. Ya dai san inda ido ke kaiwa, ya kuma san inda ba ya kaiwa. Na tuna da wasu ɗalibanmu a lokacin gwajin koyarwa, waɗanda tsarin darasinsu kan fito fes a ranar da mai duba su zai zo, amma in ka buɗe littattafan yaran ajin sai ka tarar an yi makonni ba a sa musu jan biro ba.

Washegari na kira wani dattijo mai gyaran famfo da maƙwabcina ya yi mini kwatancensa. Ya leƙa sau ɗaya, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, duk wannan tarkacen da sauƙi. Babbar matsalarka abin da babu ne." Ya ɗauko wani lanƙwasasshen bututu daga jakarsa, mai siffar ƙugiya, wanda masu sana'ar ke kira tirab. Ya bayyana mini cewa duk sa'ad da aka zubar da ruwa, ɗan kaɗan yakan rage a cikin lanƙwasar, zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba, kuma wannan ɗan ruwa shi ke toshe hanya, ya hana iskar sokawe da ƙwari hawowa cikin ɗaki. A gidana an zarce da bututu ne kai-tsaye daga kwami zuwa magudanar da ke kaiwa sokawe, wato an buɗe wa ramin ƙazanta taga a ɗakin da ake dafa mana abin buɗa-baki. Ya ƙara da cewa bututun zubar da ruwa yana son gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita, nawa kuwa hawa yake yi, shi ya sa maiƙo da guntun shinkafa ke kwanciya a ciki suna ruɓewa.

Daga baya na karanta cewa dabarar nan ba sabuwa ba ce. Wani mai gyaran agogo ɗan Sukotland, Alexander Cumming, shi ya yi rajistarta a Landan tun 1775, domin masai na ruwa. Kusan shekara 250 ke nan ana hana wari shiga gida da abin da bai fi ludayi ɗaya na ruwa ba.

Na aika aka kira yaron da ya yi aikin na farko. Na ce yaro, amma magidanci ne mai 'ya'ya biyu, kuma ƙanen birkilan da ya yi mini gini ne, mutumin da muka yi shekaru muna mutunci. Wannan ya sa na sassauta harshe fiye da yadda na shirya. Na buɗe kabad na ce, "Duba nan, wannan aikinka ne?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ruwa yana wucewa."

Na ce, "Yana wucewa, wari kuma yana dawowa. Ina tirab?"

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, ya nuna mini hoton wata takarda. Jerin kayan aiki ne da ya rubuto mini a watan Janairu. Na gane ta nan take, domin ga jan birona a jiki. Layi huɗu na soke, na rubuta "a yi amfani da ragowar na banɗaki" a gefe. Na uku daga cikin layukan da na soke shi ne tirab guda biyu. Na tuna ranar sarai: kuɗi ya ƙare, mai gidan haya ya ba ni wa'adi, ina ganin kowane mai aiki so yake ya ci da gumina. Na ga kalmar da ban sani ba, na ɗauka cikon lissafi ce, na soke. Ni da na yi shekaru ina koya wa ɗalibai yadda Bahaushe ya ari kalmar Turanci ya mai da ita famfo, saboda harshenmu ba ya rarrabe sautin "p" da "f", sai ga shi kalmar aro guda ta zo gabana a takarda, girman kai ya hana ni in tambayi ma'anarta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ni tawa arahar har da ɗoyi ta zo.

Amma ban yarda laifin ya zama nawa ni kaɗai ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Na ce masa, "Na ji, ni na soke. Me ya hana ka gaya mini amfaninsa?" Ya ce ya ji nauyi ne, kada ya zama yana yi wa babban malami gardama. Wannan amsa ta fi ta farko yi mini ciwo, domin na san gaskiya ce. Ladabin da muke yabo shi ne ya rufe masa baki. To amma kunya ba ita ta cusa takardar siminti a bango ba, ba ita ta bar kwalin sigari ba. Cokali biyu na siminti ya isa ya toshe ramin nan, ga shi kuwa a lokacin buhuna suna jibge a tsakar gida. Da na faɗa masa haka bai ce komai ba, ya dai sunkuyar da kai, can ya ce a hankali, "Na ɗauka ba mai leƙawa."

Uwargida ta so a bar wa dattijon aikin, a sallami wancan. Na yi shawara da zuciyata, na ga in na yi haka zumuncina da yayansa ya taɓu, shi kuma ya tafi wani gidan ya maimaita. Sai na roƙi dattijon ya tsaya a kansa, ni in sayi kaya, in biya su duka biyun. Na karɓi sabuwar takarda, na bi ta layi-layi ina tambaya, wannan na mene ne, wancan fa, ban soke ko ɗaya ba.

Ranar Asabar suka zo da hantsi. Aka yanke tsohon tarkacen gaba ɗaya, ya cika bokiti. Aka sa bututu iri ɗaya mai inci ɗaya da rabi, aka ɗaura tirab, aka kafe bututun a bango da maɗauri, aka matso da makullin ruwa gaba. Dattijon ba ya yawan magana, in yaron ya yanka bututu a karkace sai ya miƙa masa wani ya ce, "Sake." Sau uku ya sake yanka guda ɗaya. Ni aka ba riƙon tocila, na zauna a kan tabarma ina haskawa, gwiwoyina suna ƙara. Kafin azahar an gama. Dattijon ya toshe baki biyun ya cika su da ruwa, ya shimfiɗa busasshiyar jarida a ƙasan kabad, sannan ya cire matosai lokaci guda. Muka zura kawunanmu mu uku muna kallon jaridar, ruwa yana gudu a cikin bututu har ya ƙare, ba ta jiƙe ba.

Yaron ya kwaɓa siminti a murfin bokiti ya toshe ramin bangon, ya lailaye shi da bayan cokali, ya share wurin. Da za su tafi uwargida ta zuba musu ƙosai da kunu a leda, su kai gida don shan ruwa. Katakon da ya kumbura yana nan ban canja shi ba, a kansa take ajiye omo da soso.