Ɗiyata Tana So Ta Zama Lauya

 Yau maganar cikin gidana na kawo muku, don na san ba a gidana kaɗai a ke yin irinta ba.

Autata ta gama sakandare bana. Ran nan bayan sallar isha'i sai yayan maigidanmu ya shigo gaisuwa, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Yarinya ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambaye ta abin da ta ke so ta karanta nan gaba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, lauya na ke so in zama, in Allah ya yarda har in hau kujerar shari'a." Sai ya yi dariya ya ce, "Ke Auta, wa ya taɓa ganin mace tana yanke hukunci? Zuciyarku ba ta da ƙarfin wannan aiki. A nema miki malanta ko jinya, ko kuwa a yi miki aure mu huta." Maigida bai ce uffan ba, don ba ya musu da yayansa. Ni ma kunya ta hana ni magana. Amma da dare na ji yarinya tana kuka a ɗaki, barci ya ƙi zuwa mini. Ni kaina daga aji shida aka cire ni, na kuwa san yadda abin ya ke a zuci.

Da gari ya waye na kai wa maigida koko, na ce, "Malam, ina da magana in ka ba ni izini." Abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku, watau labarin Mai Shari'a Aloma Maryam Mukhtar.

An haife ta a Ikko ran 20 ga Nuwamba, 1944, amma 'yar Arewa ce, da sunan Jihar Kano ta yi aiki. Ta fara karatu a Zariya, a makarantar St. George, sa'an nan ta St. Bartholomew a Wusasa. Daga nan aka kai ta Ingila. Ku tuna fa, a wannan zamani ko firamare ba kowane uba ke barin ɗiyarsa ta shiga ba, balle ƙetare teku. Ta karanta shari'a, aka ba ta shaidar lauya ta Ingila a 1966, ta Nijeriya kuma a 1967. Ita ce mace ta farko daga Arewa da ta sami wannan shaida.

Ba daga sama ta fara ba. Ta kama aiki ƙaramar lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa, ta yi majistare a Jihar Arewa Maso Gabas, a 1973 ta zama babbar magatakardar kotunan Kano. A 1977 aka naɗa ta joji a Babbar Kotun Jihar Kano, ba a taɓa naɗa mace a can ba sai ita. Bayan shekara 10, watau a 1987, aka ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa, nan ma ita ce mace ta farko.

To, mene ne ɗaukaka ƙara? Ya kamata kowace matar aure ta san wannan. Alƙali mutum ne, yana iya kuskure. In an yanke miki hukunci a kan gado, ko gona, ko riƙon yara, kika ga ba a yi daidai ba, doka ta ba ki dama ki kai kuka kotun da ke gaba. Amma akwai wa'adi, in kika yi sakaci ya wuce, sai kin roƙi kotu kafin a saurare ki. A Kotun Ɗaukaka Ƙara ba mutum ɗaya ke zama ba, aƙalla su uku ne. Galibi ba su sake kiran shaidu, takardun shari'ar farko su ke bi layi layi, su ga ko alƙalin ƙasa ya bi doka. Watau aikinsu shi ne duba aikin alƙalai. Kun ga wanda aka ba wannan kujera ba mai raunin zuciya ba ne.

Na ce wa maigida, "Malam, ka san wanda ke shugabancin wannan kotu sa'ad da ta shiga? Mai Shari'a Mamman Nasir ne, wanda ya zama Galadiman Katsina. A wannan shekara kuma Mai Shari'a Muhammadu Bello, ɗan garin nan, ya zama Babban Jojin Nijeriya. Ashe manyanmu na Katsina sun yi aiki da mace a wannan fage tun ba a haifi Auta ba." Ya ajiye ludayi ya ce, "Ci gaba, ina ji."

Shekara 18 ta yi a wannan kotu, kafin a kai ta Kotun Ƙoli a 2005. 'Yan makaranta, ku lura da wannan. Yarinyar da aka haifa ran da ta shiga, ta isa aure kafin ta fita. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Amma abin da ya sa na riƙe sunanta ba yawan muƙami ba ne. Wata Juma'a ce, 12 ga Disamba, 2008. Duk wadda ke Katsina a lokacin ba za ta manta ba, don shari'ar ta 'ya'yanmu biyu ce. Janar Muhammadu Buhari na Daura ya kai ƙara a kan zaɓen 2007, wanda ya ba Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa shugabancin ƙasa. Allah ya jiƙan su duka biyu. A unguwarmu gida ɗaya sai ki ga wa yana nan, ƙane yana can, kowa ya kasa kunne ga rediyo. Alƙalai 7 suka zauna. Huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ce a soke shi, Aloma tana cikin ukun, tare da Mai Shari'a Oguntade da Mai Shari'a Onnoghen. Hujjarsu ita ce dokar zaɓe ta ce a buga wa takardun ƙuri'a lamba bi da bi, ba a kuwa buga ba, ga shi lambar nan da ita a ke gane ta gaskiya da ta jabu. Masu rinjaye suka ce mai ƙara bai nuna wannan ya canja sakamako ba, hukuncinsu kuma shi ya tsaya.

Ba siyasa na kawo muku ba, ni ba lauya ba ce da zan ce wane ya fi wane gaskiya. Shi kansa Umaru ran da aka rantsar da shi ya faɗa da bakinsa cewa zaɓen yana da aibi. Abin da na ke so ku gani shi ne, ga shugaban ƙasa yana kan mulki, ga mace ɗaya tak cikin maza shida, ta dubi doka ta rubuta abin da ta gani, ba ta tsaya lissafin abin da zai same ta ba. To, ina raunin zuciyar?

Gaskiyar nan kuwa ba ta rage ta da kome ba. Ran 16 ga Yuli, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsar da ita Babbar Jojin Nijeriya, mace ta farko. A zamaninta majalisar da ke kula da alƙalai ta sallami waɗansu da aka samu da laifi. Ta sauka ran 20 ga Nuwamba, 2014, da ta cika shekara 70. Ƙofar da ta buɗe ba ta rufu ba. A 2014 Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta zama shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara, a 2024 kuma Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta zama Babbar Joji.

Da na gama, maigida ya yi shiru, can ya ce, "Maganar Yaya fa? Akwai abin da malamai suka faɗa game da mace da alƙalanci." Na ce, "Malam, ban isa in yi musu da malamai a kan abin da suka fi ni sani ba. Ka tambaye su. Amma gwauruwar da aka cinye wa gadon marayu, ta shiga kotu kunya ta hana ta buɗe baki gaban maza, ba ta bukatar 'yar'uwarta mace da ta san doka ta tsaya mata?"

Bayan kwana uku ya tafi wurin yayansa. Ban san abin da suka tattauna ba, amma ya dawo ya ce Auta ta cika takardar jarrabawar shiga jami'a. Har yanzu Baffa bai saki jiki ba, ya ce zai zuba ido ya gani. Na ce wa Auta, "Kin ji dai. Yanzu ke za ki ba shi amsa, ba da baki ba, da karatu da kamun kai."

Saboda haka, iyaye mata, in irin wannan ta taso a gidanku kada ku yi faɗa, kada kuma ku yi shiru. Ku nemi lokacin da ran maigida ya ke a sake, ku kawo masa hujja cikin ladabi. Ku kuma 'yan mata, ku riƙe littafi da kyau, ku saba da faɗin gaskiya tun a aji, ko da ku kaɗai ne a kanta.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba mu alƙalai masu tsoronsa, amin. Sai mako mai zuwa.