Ciki da falo a Kurna

A ƙarshen shekarun 1980 duk mai rayuwa da albashi a Kano ya ji a jikinsa. Tsarin SAP da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, albashin malamin firamare kuwa yana nan inda yake. A cikin wannan hali aka kai ni ɗakin miji, ciki da falo a wani gidan haya a Kurna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya.

Alhajin da ke da gidan ya gindaya sharaɗi tun kafin a tare: ba a fasa masa bango da ƙusa, kuma wanda ya yi fenti don kansa ya yi, ba za a cire masa a kuɗin haya ba. Bangon kuwa danshi ya ci gindinsa, siminti yana ɓarɓashewa, daɓen ƙasa duk ramuka. Sai da ’yan kai amarya suka watse sannan na ƙare wa ɗakin kallo, gabana ya faɗi.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa ’yar Barno da kowa ke kira Iya, ita ta saita ni. Ta ce, “Amarya, bango na Alhaji ne. Ki sa kuɗinki a abin da za ki iya naɗewa ki tafi da shi.” Bangon dai farar ƙasa muka jiƙa, muka ɗiga mata bula, muka shafe da tsumma. Ba ta kai fenti ƙarko ba, tana ma shafar rigar wanda ya jingina, amma ɗakin ya yi haske, kuma duk sallah ana sabuntawa da kuɗi kaɗan.

Ledar ƙasa ce ta ci kwasar adashina ta farko, kuma a kanta na fi koyon dabara. In aka shimfiɗa ta kan daɓe mai ramuka, ƙafar kujera ko dugadugin takalmi zai huda ta cikin wata guda. Sai muka cike ramukan da yashi, muka jera takardun buhun siminti da kwalaye, sannan leda ta hau. Baƙo sai ya cire takalmi a ƙofa. Da yamma a goge ta da ɗan kananzir a ruwa, ta yi ƙyalli, kiyashi kuma ya guje ta.

Labule ban sayo ɗinkakke ba. A Kantin Kwari akan sami guntayen yadi na ƙarshen bandir da araha, na haɗa launi biyu masu jituwa, tela ya jona. Na ƙofar uwar ɗaka kuwa gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, mai kauri, wanda ya daɗe fiye da sabon. Da yake an hana ƙusa, a jikin katakon taga da na silin muka ɗaura igiya, a nan fayafan da kakata ta saƙa suka sami wurin ratayewa. Littattafan Malam, wato mijina, suka hau katako bisa bulo, na rufe bulon da ragowar yadi. Tumtum biyu na fata daga kasuwar Kurmi, waɗanda na cusa wa tsofaffin tufafi, su ne suka cike gurbin kujerun da ba mu da su.

Abin da ya fi komai ɗaukar ido shi ne jere. Samiru da languna da kumbunan da iyayena suka yi shekaru suna tarawa na jera su a kabad, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ina goge su duk Juma’a. Yau wasu na yi wa jeren kwano kallon ƙauyanci, ni ban yarda ba. Ado ne, kuma ajiya ce: mace in ta shiga matsi takan zare saiti ɗaya ta sayar, ɗaki bai nuna ba. Kujerun bashi da ake cika wa amare falo da su yanzu, ranar da aka tashi sayarwa ko rabin kuɗinsu ba sa dawowa. Iya kuma ta koya mini haɗa turaren wuta, shi ne ya kashe warin danshin da farar ƙasa ta kasa.

Da aka ƙara kuɗin haya fiye da ƙarfinmu, a-kori-kura ɗaya ta kwashe mu zuwa Rijiyar Lemo. Falon can ya fi faɗi, leda ba ta kai bango ba, sai na mai da ita uwar ɗaka, na shiga sabon adashi don ta falo.