Katin Griffey da waƙar Shago

A Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, akwai magidanta masu furfura waɗanda duk abin da ya yi saura a albashinsu katin mutum ɗaya yake tafiya, wato Ken Griffey Jr. Ɗan wasan besbol ne, wasan nan da ake wurgo ƙwallo mutum ya maka ta da kulki ya sheƙa da gudu. Ya fara buga wa Mariners, ƙungiyar garin, a 1989, ya koma Cincinnati a 2000, ya dawo Seattle ya ajiye kulki a 2010. Sau 630 ya yi irin bugun da ake zagaye fili gaba ɗaya a kansa, galibi bayan ƙwallo ta tsallake katanga. Katin kuwa ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, hoto a gaba, lissafi a baya.

Abin ya samo asali ne daga 'yan taba. Tun wajajen 1880 suke cusa hoton ɗan wasa a cikin kwalin sigari, daga baya masu cingam suka karɓa, kamfanin Topps ya yi kaka-gida a kasuwar. Yara ne ke saye, su yi musaya, su maƙala shi a tayar keke don ya riƙa ƙara, iyaye mata su share su zubar. Wannan zubarwar ce ta sa 'yan kaɗan da suka tsira suka zama dukiya. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin wani gwanin besbol, Mickey Mantle, na 1952 a kan dala miliyan 12.6.

Amma ba kuɗin ne ya ɗaure mini kai ba, tsarin ne. Da can yaro yana iya haɗa katin duk 'yan wasan shekara guda ya huta. Daga 1981, da kamfanonin Fleer da Donruss suka shigo, sannan wasu suka biyo baya, kati ya yi yawan da ba mai iya bin sa. Sai mutane suka fara zaɓar gwani ɗaya su tsaya a kansa. Mai bin Griffey yakan fara da takardar jerin sunayen duk katin da aka taɓa buga masa, kuma dubbai ne, yana samu yana sokewa. Ba ya sayen ƙunshin da ke rufe, wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yaga. Da malamanmu na gida sun ga wannan yagar, da tuni sun sa mata sunan caca. Shi dai yana bin kasuwar intanet ta eBay da ranakun baje koli, yana tsintar ɗaya bayan ɗaya.

Uban tafiyar shi ne katin shekararsa ta farko, na kamfanin Upper Deck, 1989, mai lamba 1. An buga shi da yawan gaske, don haka samunsa ba wuya. Wuyar ita ce samun wanda bai taɓa jin jiki ba. Akan aika kati wa kamfani irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, su duba kusurwa, su duba gefe, su duba ko hoton ya zauna daidai tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, sannan su rufe shi ruf a cikin roba mai tauri. Tsakanin mai maki 9 da mai maki 10 farashi kan ninka sau da yawa, a kan wani ɗan lahani da ni dai idona ba ya gani. Daga ranar nan mai katin ba zai sake taɓa shi da yatsa ba. Iyayenmu mata da suka jera kwalla da tasa har rufin ɗaki, ba a cin tuwo a ciki sai dai a goge a mayar, su ne za su fi kowa gane wannan jin daɗin.

Kamfanonin ma sun san lagon mutanensu. A 1997 Upper Deck ta yanyanka rigar da Griffey ya yi wasa da ita ta manna ƙyallen a jikin kati. Yanzu hoto ɗaya ake bugawa kala-kala, wannan guda 99, wancan guda 25, wani kuma guda ɗaya tak a duniya. Ke nan an shirya abin yadda jerin ba zai taɓa cika ba, kuma mai tarawa ya san haka, bai fasa ba.

Mu ma muna son gwanayenmu, har ma mun fi su zafi, sai dai namu son ba na ajiya ba ne. Bayan Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a 2018, hotonsa ya cika shagunan aski da bayan A Daidaita Sahu. Rana ta dake shi, ƙura ta rufe shi, da ya koɗe aka ɓare aka liƙa na wani. Rigar gwani sawa ake yi har ta yage. Ba wanda zai sayi hoto ya kulle a akwati inda maƙwabci ba zai gani ba, don amfanin son gwani a wurinmu shi ne a san kai nasa ne, a tsokane ka a majalisa ranar da ya sha kashi.

Idan kuwa muna so gwani ya daɗe, makaɗi muke ba shi. Yau ko yaron da bai taɓa leƙa gidan dambe ba ya san sunan Shago, kuma Ɗan Anace ne ya ɗauko shi ya kawo mana. A nan ina ganin mun fi su. Waƙa ba ta da mai ita ɗaya, ba a kulle ta a roba, mai kuɗi bai fi ɗan dako jin ta ba, kuma yawan ji ba ya rage mata maki.

Inda nake jin kishi shi ne bayan katin. Juya na Griffey ka ga ranar haihuwarsa, tsayinsa, hannun da yake bugu da shi, da lissafin kowace shekara a layinta: wasa nawa ya shiga, bugu nawa ya dace. Yaro ɗan shekara goma zai iya ɗora katinsa mai lissafin 1997, shekarar da ya yi irin wancan bugun sau 56, kusa da na wani gwanin da ya rasu kafin a haifi ubansa, ya yanke hukunci da kansa. Kirari ba ya yin wannan aikin, kuma ba don shi aka yi shi ba. Zai gaya maka gwani dodo ne, ba zai gaya maka karawa nawa ya yi ba, ko sau nawa shi ma ya sha ƙasa, don makaɗi ba ya cin abinci da faɗuwar ubangidansa. Shi ya sa musun wa ya fi wa tsakanin 'yan damben da da na yanzu yakan ƙare ne a hannun wanda ya fi murya ko ya fi shekaru.

Buga katin ba zai gagare mu ba. Maɗabi'un Kano da ke fitar da kalanda da fastocin 'yan takara cikin dare ɗaya za su buga na kowane ɗan damben Kudu da Arewa da Guramada, su ƙawata shi fiye da na Topps. Abin da za a rubuta a baya ne aikin, don sai an samu mai zama gefen fage da littafi da biro kowace yamma, damina da rani, yana rubuta wa ya kara da wa, a turmi na nawa aka yi kisa, wa ya tashi ba kisa.