Wa Ke Buɗe Ƙofar da Tsakar Dare?

Mu uku ne 'ya'yan gidan, kuma babu ɗayanmu da yake kwana a Kano. Yayanmu yana aiki a Abuja, 'yar'uwarmu tana aure a Kaduna, autanmu kuma, mai wannan rubutun, yana Legas yana rubuta wa wani kamfani manhaja. A gida saura Baba da Umma, sai ɗan Baffa, saurayi ɗan shekara 19 da aka kawo shi daga ƙauye tun yana firamare. Abin da yake haɗa mu kullum shi ne zauren WhatsApp na mu uku, inda muke raba kuɗin magani da na cefane, mu yanke shawara a kan gidan da ba ma cikinsa.

Wata damina, ana tsuga ruwa da dare, ɓarayi suka hauro katanga, suka banƙare ƙarafan tagar kicin, suka tafi da wayoyi biyu da kuɗin adashen Umma. Ƙarar ruwa a kan kwano ta hana kowa jin motsinsu. Ba a taɓa lafiyar kowa ba, amma kunya ta ishe mu: 'ya'ya uku masu albashi, a ce iyayensu suna kwance haka kawai babu wani tsaro.

Muka kawo maganar maigadi, Baba ya ce shi ba zai yi barci wani bawan Allah yana tsaye a ƙofarsa cikin sauro ba. Muka ce kare, Umma ta ce ba a gidanta ba. Muka ce kyamara, ta ce babu wanda zai dasa mata ido a tsakar gida tana aikinta babu mayafi. Nan ne autanmu ya kawo shawarar 'yan na'urorin nan marasa waya da ake maƙala wa ƙofa da taga. Abin da ya sa Umma ta yarda ɗaya ne: mun rantse mata ba sa gani, ba sa ji. Iyakar saninsu, a buɗe ƙofa take ko a rufe.

Gaskiya muka faɗa mata. Kowace na'ura gida biyu ce. Ƙaramin ɓangaren maganaɗisu ne kawai a cikin roba, shi ake liƙa wa jikin ƙofar. Babban, wanda bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, shi yake zama a jikin firam. A cikinsa akwai wani siririn bututun gilashi mai ɗauke da 'yan ƙarafa biyu da suke daf da juna. In ƙofa tana rufe, maganaɗisun yana kusa, sai ƙarafan su haɗe. Da zarar ƙofar ta matsa kamar santimita biyu, sai su rabu. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1930 injiniyoyin kamfanin Bell a Amurka suke aiki da ita don layukan tarho. Sabon abin shi ne ɗan rediyon da aka haɗa mata da batir mai faɗin sulalla, irin CR2032 mai bolt 3. Na'urar barci take yi yini da kwana don tattalin batir, sai ƙarafan sun haɗu ko sun rabu ta farka, ta aika saƙo, ta koma. Shi ya sa batir ɗaya yake iya haura shekara.

Namu da yaren Zigbee suke magana, a kan zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi ma yake. Saƙon yana zuwa wani ɗan akwati a falo, wata ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da muka ɗora wa manhajar Home Assistant, daga can ya bi intanet ya faɗo wayoyinmu.

A takardar da ta zo cikin kwali, minti biyar ne aikin. Mu kwana uku muka yi. Waɗanda suka ƙera kayan nan ƙofar katako suke tunani, mu kuwa ƙofofinmu na ƙarfe ne, ƙarfe kuma yana shanye ƙarfin maganaɗisu, yana tare saƙon rediyo. Sai da muka sa wani kafinta ya yanko mana 'yan guntayen katako muka ɗaga kowace na'ura daga jikin ƙarfen. Bangon bulo da rodi ya hana saƙon ƙofar soro isa falo, muka sa wani soket a baranda wanda yake karɓar saƙo ya miƙa gaba. Ranar farko da aka ɗauke wuta soket ɗin ya mutu, rabin gidan ya yi shiru, dole muka mayar da shi da akwatin kan layin inbata. Da bazara ta shigo, gam ɗin da ke bayansu ya narke, na tagar kicin ya faɗo da azahar, wayoyi uku a garuruwa uku suka yi kururuwar ɓarawo alhali Umma tana tsaye a wurin tana tankaɗe. Muka koma muka ɗaure su da kusa.

Daga nan komai ya daidaita. Muka saba da duba jerin saƙonnin kamar yadda ake duba labarai. Ƙofar soro ƙarfe 5:05, Baba ya fita asuba. Tagar kicin 6:30, Umma ta ɗora ruwan shayi. Har daɗi muke ji, kamar muna gida.

Sai wata safiya Yaya ya turo hoton jerin daren jiya. Ƙofar soro ta buɗe 2:41, ta rufe 2:42. Ta sake buɗewa 3:17, ta rufe nan take. Autanmu ya ce ƙila na'urar ce, ya duba ƙarfin batir da na sigina, duk lafiya lau. Ya koma baya cikin ajiyar, ya tarar abin ya faru sau tara a cikin wata guda, kullum tsakanin biyu da uku na dare, kullum kusan rabin awa a waje. Mun daɗe da kashe ƙarar saƙon dare saboda yawan tashinmu da yake yi a banza, shi ya sa ba mu lura ba.

Ɗakin ɗan Baffa yana jikin soro. Ba mu daɗe muna lissafi ba. Baba ya haura saba'in, Umma ba ta leƙa waje bayan isha'i. Wa ya rage? Ɗayanmu ya ambaci shaye-shaye. Wata ta ce yarinya. Autanmu, da yake shi ne mai ilimin abin, ya ƙara da nasa: a fitar farko ƙofar tana daɗewa a buɗe kusan minti guda, mutum ɗaya kuwa daƙiƙa biyar ta ishe shi, ke nan ko ana fitar da kaya ko ana shigo da wani. Daga nan aka tuno satar damina, aka ce dama ta yaya ɓarayi suka san inda kuɗin adashe yake. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, mun sani tun muna yara. Amma mu a ganinmu mun wuce zato, tunda ga lambobi a hannu.

Yaya ya kira yaron.

"Ina kake zuwa ƙarfe biyun dare?"

Ya yi shiru.

"Magana nake maka."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Tambayarka na yi."

"Ka yi haƙuri dai, Yaya."

A daren muka yanke shawarar a mayar da shi ƙauye. Muka kira Umma don mu shaida mata. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Ku zo gida, dukanku." Ta kashe wayar.

Ranar Juma'a muka haɗu. Baba ya yi murna, ya tambayi 'yar'uwarmu lafiyar yara sau uku a zama ɗaya, muka ɗauka ɗoki ne. Bayan isha'i Umma ta ce kada mu tambaye ta komai, mu kashe fitilar falo mu zauna. Daren farko babu abin da ya faru. A na biyu, wajen biyu da rabi, muka ji ƙarar buta a tsakar gida. Baba ne yake alwala, a natse, yadda muka san shi. Ya sa jallabiyarsa, ya ɗauki carbi da tocila, ya zare sakata. Wayoyinmu uku suka yi haske lokaci ɗaya. Ya fita ya bar ƙofar a wangale. Can sai ga ɗan Baffa ya fito daga ɗakinsa da takalminsa a hannu don kada a ji takunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa har Baba ya ɗan yi nisa, sannan ya ja ta a hankali ya rufe. Minti ɗayan da muka gina tuhuma a kansa ke nan.

Muka bi su daga nesa. Masallacin unguwa a kulle yake. Baba ya zauna a kan dakali yana faɗan ladan ya makara, mutanen yanzu ba su ɗauki salla da muhimmanci ba. Yaron ya tsuguna a gefensa yana cewa, "Haka ne, Baba." Sai da faɗan ya lafa ya ce, "Baba, sanyi ya yi yawa, mu koma mu jira kiran farko a gida." Baba ya miƙa masa hannu ya tashe shi.

Da safe Umma ta ce wata biyar ke nan. Da fari sau ɗaya a wata, yanzu kusan kowane kwana uku. Ita ta hana yaron faɗa wa kowa. "Babanku shekara 30 yana koyarwa, rabin unguwar nan ɗalibansa ne. So kuke a riƙa nuna shi ana cewa gigin tsufa ya kama Malam? Ku kuma kuna can, in na faɗa muku me za ku yi, ban da ku tayar da hankalinku?" Ta ce tun da abin ya tsananta yaron a zaune yake barci, bayansa jingine da ƙofar ɗakinsa, don kada fitar ta wuce shi.

Ba mu taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Yaya ne ya iya kiransa ya ce, "Ka yafe mana." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Yaya, ba komai." Da ya yi mana faɗa da mun fi samun sauƙi.

Na'urar ba ta yi mana ƙarya ko sau ɗaya ba. Duk abin da ta ce ya faru, a daidai mintin da ta ce. Abu biyu ta sani, a buɗe da a rufe, irin sifili da ɗayan da autanmu yake cin abinci da su. Waye, da kuma don me, mu muka cike su daga Abuja da Kaduna da Legas, kuma muka cike su da wanda ya fi kowa rauni a gidan, wanda za a iya kora ba tare da kowa ya nemi ba'asi ba. A da, soro aikinsa ke nan: mai gida yana zaune, duk mai shiga ya yi sallama, duk mai fita a ga fuskarsa. Mu mun ɗauko sanin shige da ficen mun kai shi nisan ɗaruruwan kilomita, mun bar fuskar a baya. Alkawarin da muka yi wa Umma ma bai cika duka ba. Na'urar ba ta da ido, amma wanda ya riƙe jerin wata shida na lokacin buɗe kowace ƙofa ya san lokacin barcin gida da tashinsa, ya san ranar da ba a ɗora tukunya ba.

Mun kai Baba asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba tsufa kaɗai ba, kuma rikicewar dare da rana da fita yawo suna cikin alamominsa. Ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Yaya ya so a riƙa kulle ƙofar da kwaɗo a ɓoye makulli. Umma ta ce in gobara ta tashi fa, kuma ita ba za ta iya jin mijinta yana dukan ƙofar gidansa kamar ɗan kurkuku ba. Har yanzu ba mu gama wannan muhawarar ba.

Na'urorin ba mu cire su ba, aikinsu muka sauya. Yanzu in ƙofar soro ta buɗe tsakanin sha biyun dare da kiran asuba, wata 'yar ƙararrawa ce take kaɗawa a ɗakin soro, kai tsaye daga akwatin falo, ko da intanet ko babu. Mai kwana a ɗakin yana iya miƙe ƙafa a kan katifa ya yi barci. Saƙonnin rana sun daina zuwa wayoyinmu, ajiyar kuma tana goge kanta bayan kwana bakwai. Tagogi suna nan da ƙararsu saboda ɓarayi. Mai son sanin ko Umma ta tashi lafiya, ya kira ta.

Ɗan Baffa ya samu gurbin karatu, ya tafi makaranta. Kuɗin rajistarsa ne abu na farko da muka taɓa biya a zauren nan namu ba tare da an yi ja-in-ja ba. Ɗakin soro kuwa karɓa-karɓa muke yi da shi, tare da wani ɗan maƙwabta da Umma ta yarda a sanar da gidansu. Wannan watan autanmu ne a ciki, yana aikin Legas daga kan tabarma. Kafin ya tafi, yaron ya koya mana abu uku: kada a tare Baba a ƙofa, kada a ce masa lokaci bai yi ba, kuma a bari ya gama faɗan ladan tukuna.

Shekaranjiya ƙararrawar ta kaɗa ƙarfe 2:50. Takalmin yana nan bakin katifa inda muka ajiye shi.